Gonar Alhaji a Jikin Bango

A shekarun fari, Allah kada ya maimaita mana, ɗan maƙwabcina ya dawo Damagaram daga Yamai da sana'ar zane, har ya baje zane-zanensa a wani zaure. Uban ya rantse in akwai surar mai rai a ciki zai ƙone su duka, don kada a ce wa ɗansa ya hura mata rai ranar ƙiyama. Da yake ni ne malamin unguwa, ni ya aika in dubo.

Na zaga a hankali, ban ga komai ba sai jan launi da tsage-tsage. Na tambayi mai zanen, ya ce, "Malam, gonarmu ce ta Garagumsa."

Na koma wurin uban na ce, "Alhaji, mayar da ashanarka aljihu. Gonarka ya zana, kuma ka san bana ko ƙadangare bai zauna cikinta ba."