Bangon Sista Asabe

Ranar Laraba ce, an kwana ana ruwa, kwatocin Unguwar Shanu sun cika har sun tumbatsa. Sista Asabe ta sauka daga keke a bakin ƙaramin asibitin da ƙuruciyarta ta ƙare a cikinsa, ta tattare zani, ta tsallake taɓo. Kullum haka take: ta gaida mai gadi, ta wanke hannu, ta bi gadajen ɗakin yara tana taɓa goshi. Jibi za a yi mata walimar ajiye aiki.

Duk wanda ya taɓa kwantar da yaro a ɗakin nan ya san bangonta. Da ragowar fentin da take roƙowa a Babbar Kasuwa ta cika shi da zabi, da kifaye, da wani raƙumi da ya fito da ƙafa biyar. Ba ado kaɗai ba ne. In za ta nemi jijiya a hannun yaron da gudawa ta tsotse, sai ta ce, "Maza nemo mini zabuwar da ba ta da wutsiya." Kafin ya gano ta, allura ta shige. Mu masu keke da ke kawo marasa lafiya mun sha gani ta taga. Su kansu ma'aikatan, in an yi rashi, gaban bangon suke zama kafin su koma bakin aiki. Can ƙasa kuma akwai tafin hannun Isma'ila, yaron da sikila ta ɗauke. Shi ya tsoma hannu a fenti ya manna. Mahaifiyarsa Jummai, mai waina a Hayin Banki, takan zo bayan kowace Sallah ta ɗora nata a kai.

A safiyar nan Sista Asabe ta tura ƙofa ta tsaya cak. Bango fari fat, bai ma bushe ba.

Abokan aikinta ne suka ce ba za a tara mata baƙi a gini mai dauɗa ba. Suka mai da yara ɗakin kusa, suka kira mai fenti. Rashida, ƙaramar nas, ita aka bar wa saƙon ta ce masa kada ya taɓa bangon nan. Ita kuwa ta haɗa aikin yini da na kwana, don babu mai karɓarta. Ta zauna a benci za ta cire takalmi, barci ya sace ta.

"Hajiya, mai kauri na sa," in ji mai fenti yana murmushi. "Ko ɗigo ba za ki gani ba."

"Na gani, Malam. Sannu da aiki."

Rashida ta farka da takalmi ɗaya a ƙafa. Ta dubi bangon, ta dafe kai. "Anti, ni ce..."

"Yaushe rabonki da gado?"

"Tun Litinin."

"To ba ke ba ce."

Ana cikin haka aka shigo da wani yaro, idanu sun faɗa, yana fizge-fizge. Rashida ta ɗauki allura, ta waiga inda ta saba nunawa, babu komai. Sista Asabe ta zaro biro, ta yi zane a tafin hannunta, ta ɗaga. "Ɗan samari, me zabuwar nan ta rasa?"

Yaron ya ƙura ido. "Wutsiya."

Allura ta riga ta shige.

Ke ce wannan, Sista Asabe, uwar marasa lafiya. Ke aka yi wa ɓarna, ke kika kora Rashida gida ta kwanta, kika karɓi aikinta. Da la'asar kika hau keke zuwa Hayin Banki, don kada Jummai ta ji a bakin wani. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri. Mu kuma, duk wanda ya kai nasa asibiti, kafin ya ɗaga wa nas murya ya yi tambayar da kika yi: yaushe rabonta da gado?

An rasa zabi goma sha tara, kifi shida, raƙumi ɗaya, da tafin hannun Isma'ila.