Idon da Mai Zane Ya Gyara

Shekara arba'in da ɗaya Mai Zane ya yi a shago guda, tsakanin tela da mai gyaran agogo. Allunan shaguna yake rubutawa, amma ransa yana wajen zanen fuska. A makaranta malaminsu ya koya musu a raba fuska gida uku da rula, kowane ido ya zo daidai da ɗan'uwansa. Bai taɓa saɓa wannan ƙa'ida ba.

A shekararsa ta farko telan ya kawo masa ƙanwarsa, amarya. Idonta na hagu a ɗan kanne yake, kamar mai shirin dariya. Kwana uku tana zuwa tana zama a kujerar katako, hannu bisa cinya. Shi kuwa ya auna, ya buɗe idon a zanen, ya daidaita shi da na dama.

Da ta ga hoton, ta daɗe tana kallo.

"Ta yi kyau," in ji ta. "Wace ce?"

Aka yi dariya, har da shi. Bayan shekara biyu ta rasu wajen haihuwa. Ba ta bar wani hoto ba sai wannan.

Bara wata mata ta shigo da hoton a naɗe cikin tawul. Yoyon rufi ya ci gefen fuskar.

"Baba, zai gyaru kuwa? Mahaifiyata ce. Wajen dangin uba na tashi, ba mai yi mini zancenta. Tun ina ƙarama nake tsayawa gabansa ina neman inda muka yi kama, ban samu ba." Ta taɓa fuskarta tana murmushi. "Wannan idon dai ban san inda na tsinto shi ba."

Ya ɗaga kai. Idonta na hagu, a ɗan kanne.

Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"'Yata, wajenta kika samo shi. Ni na ɓoye miki."

"Kai ka zana?"

"Ni ne. Ta ma faɗa mini ba ita ba ce, na yi dariya."

Ya jawo kujerar katako, ya kaɗe ta da hularsa. Ya ɗauke rula daga kan tebur, ya jefa a aljihun teburin.

"Zauna. Kada ki buɗe idon, bar shi yadda yake."