Ludayina da Macen Ɗawisun Yaya

Ni mace ce da ba ta iya zama wuri ɗaya. Mai gidana yakan ce ko a sahun salla aka tsayar da ni sai ƙafata ta motsa, ban kuma taɓa musa masa ba. Abu ɗaya ne aka sallama mini a ƙauyenmu, can gefen Bagwai inda gonar wani ke ƙarewa a bakin dangar wani, shi ne kiwon zabi. Na san inda zabuwa ke ɓoye gurbinta ko da a tsakiyar gyaɗar maƙwabci ne. Ba a sa hannu a gurbin, da dogon ludayi ake ɗebe ƙwan don kada ta ji warin mutum ta ƙaura, sai a bar mata biyu ko uku. Muddin ta ga gurbin bai cika ba, za ta yi ta zuba wani har damina ta fita. Waɗanda aka ɗebe kuma a sa wa kaza mai kwanci ta ƙyanƙyashe. Haka na ga Inna tana yi, haka na yi shekara da shekaru, kuma ina ji da kaina a kan haka.

Yayana, wanda nake bi, ya fi shekara ashirin yana kula da lambun gidan wani attajiri a Kano. Akwai ɗawisu a gidan, shi ke ba su abinci. Da mai gidan ya rasu, magada suka sayar da gidan, suka ce Yaya ya ɗauki namiji ɗaya da mace ɗaya, sallamarsa ke nan. A ɗakin haya yake, ba inda zai sa su, sai ya kawo mini a kwando biyu, an naɗe jelar namijin da tsohon zani. Kowa namijin yake kallo. Yaya kuwa macen ya sauke da kansa, wata mai ruwan ƙasa da ɗan kore a wuya, ba wani kyan a zo a gani.

"Auta," ya ce da ni, "wannan ba zabuwa ba ce. In ta fara ƙwai ki bar ta da abinta."

Na yi dariya na ce, "Yaya, kai ka san fure, ni na san ƙwai. Je ka abinka."

Bayan wata biyu ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Aka dawo da shi gidanmu na gado a wajen Tofa, hannu ɗaya da ƙafa ɗaya ba sa motsi, magana kuma sai ya yi kokawa da ita. Da na je duba shi bai tambaye ni yara ba, bai tambayi Malam, mai gidana, ba. Ya daɗe yana haɗa bakinsa sannan ya ce, "'Ya'yanta. Ina so in gani." Na ce za ka gani, Yaya, har sai sun ishe ka. Na fito ina share hawaye, don na ga yadda ya zube, na kuma ji a jikina cewa ba mu da lokaci mai yawa.

Da aka yi ruwan farko namijin ya fara ihunsa, maƙwabta suka fara mita. Ita kuwa ta tona ɗan rami a bayan rumbu, ƙarƙashin tarin kara. Bayan la'asar take shiga, yau ta yi, gobe ta huta. Ƙwan ya fi na kaza girma sosai, ga nauyi a ido. Da ya kai shida sai na ga ta fara daɗewa a kai, tana gyara su da baki, alamar kwanci za ta fara. A nan zuciyata ta hana ni sakat. Shida kawai? In uku suka lalace fa, shaho ya ɗauki biyu? Me zan kai wa Yaya? Na jira ta fita kiwo, na ɗauko ludayina, na ɗebe huɗu na sa wa jar kazata. Maganar Yaya ta faɗo mini a rai a lokacin, ban ce na manta ba. Na ce a raina ai don shi nake yi.

Ta dawo ta tsaya a kan gurbin, ta karkata kai tana kallo da ido ɗaya. Bayan kwana uku ta ci gaba da ƙwai. Na ji daɗi ƙwarai, har na faɗa wa matan da muke haɗuwa a bakin rijiya cewa ɗawisu ma ya bi hannuna. Na sake ɗiba, na samo wata kazar. Na sake.

Malam ne ya fara magana. Yana wanke fartanya ya dube ta ya ce, "Tsuntsuwar nan fa ta rame."

Na ce, "Malam, gyaɗarka na can ciyawa ta cinye, ka bar ni da tsuntsayena."

Ya ci gaba da wanke fartanyarsa, shi dama ba mai son doguwar magana ba ne. Na ci gaba da watsa mata dawa safe da yamma kamar yadda nake wa zabi. Sai dai zabi suna bazama gona su tsinci abin da suka ga dama, ita kuwa a cikin gida na tsare ta don tsoron ɓarayi.

Ƙwai na goma sha uku, ludayi na taɓa shi ya fashe. Na goma sha huɗu ba ɓawo ma sam, fata ce kawai da ruwa a ciki, yana lotsawa kamar leda. Na ɗora laifin a kan bakin mutane, tunda kullum sai an leƙo ta danga ana kallo ana yabawa ba ko tubarkalla. Na jiƙa mata ɓawon maɗaci a ruwan sha, na toshe ɓular dangar.

Kwana biyu bayan haka na fito da safe na tarar da ita tsaye a gindin rumbu, fukafukai a sake, jela a ƙasa, ƙafafu a ware. Tana yunƙuri, ta buɗe baki, ta sake yunƙuri, ba abin da ya fito. Na watsa dawa, ko kallo. Da na ɗauke ta ban ji nauyin komai ba, ƙashin ƙirjinta har yana sokin hannuna. Na shafa ƙasan cikinta na ji ƙwan a tokare. Na ɗora ruwa, na zaunar da ita a baho mai ɗumi, na shafa mata man gyaɗa a mafita. Na ajiye ta a ɗaki, na fito, na koma, na sake fitowa. Kokon da na dama ya huce a kwano, ban san wanda ya sha ba. Duk sanda na leƙa tana nan yadda na bar ta, sai numfashin da ke ƙara sauri.

Ranar kasuwa ce. Na ce da Malam ya tayar da babur, na naɗe ta a zani na rungume. Duk ramin da muka faɗa sai in ji kamar ƙwan ya fashe a cikinta, ina ta yi masa faɗa ya bi a hankali, in ya rage gudu kuma in ce so yake mu kwana a hanya. A gefen da ake sayar da awaki muka sami malamin dabbobi, wani dattijo mai tabarau. Ya shafa cikinta a hankali ya ce, "Ƙwai nawa ta yi bana?"

Na ce sha huɗu. Wallahi har a lokacin da ragowar alfahari na faɗa.

Ya ɗago ya dube ni. "Hajiya, kwashewa kike yi?"

Ya ce ɓawon ƙwai daga jikinta take cire shi, in abinci bai ba ta ba sai ta ciro daga ƙashinta, ga shi dawa zalla take ci. Yanzu ba ta da abin yin ɓawo, ba ta da ƙarfin turowa. Ya yi mata allura, ya ce in ajiye ta wuri mai ɗumi da duhu, kada in matsa cikin ko kaɗan, sauran kuma na Allah ne.

Muka dawo. Na zauna a bakin ƙofa, ban fi minti biyu ba na miƙe. Da la'asar, lokacin da ta saba shiga bayan rumbu, sai ta kwanta a gefe ɗaya ta miƙe ƙafa. Malam ya ɗauko wuƙa kada ta tafi mushe. Na tare ƙofa na ce ba mai yanka ta, wa zai ci? Ya tsaya da wuƙarsa har ta daina motsi. Na haƙa rami a inda gurbinta yake na binne ta, namijin yana kan rumbu yana ta kira.

A cikin duk ƙwan da na rarraba wa kaji, biyar suka ƙyanƙyashe, uku suka rayu. Da suka yi ƙwari na sa su a kwando na hau mota zuwa Tofa. A hanya na shirya ƙarya kala uku, har da cewa muzuru ne. Na tarar da Yaya a kan tabarma a inuwar ɗaki, matarsa ta jingina shi da filo. Na ɗora masa ɗaya a cinya. Ya sa hannunsa mai lafiya yana shafa kansa da ɗan yatsa, ɓarin bakinsa yana murmushi. Sannan ya ce, "Uwar fa?"

Ƙaryar duk ta gudu. Na ce, "Ƙwai ne ya tokare mata, Yaya."

Ya ce, "Nawa ta yi?"

"Sha huɗu. Na sha biyar ne ya tsaya."

Ya rufe ido. Na so ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Da ƙyar ya haɗa kalmomin, ɗaya bayan ɗaya. "Shida take yi, Auta. Ta kwanta." Ya ci gaba da shafa ɗan tsakon, bai sake ɗago kai ya dube ni ba har na tafi. Kafin a yanke gero ya rasu.

Ukun a wurina suka girma, ɗaya daga cikinsu mace ce. Bana da ta isa ƙwai, ta yi shida a bayan rumbu ta kwanta a kansu. A wuni nakan zagaya wajen ban san sau nawa ba, in tsaya daga nesa, hannuwana a goye a baya.