Muryar Malam Ta Bayan Bango

Na fi shekara ashirin a rumfa ɗaya a kasuwar Bodinga. Da gyaran rediyo na fara. Da mutane suka daina kawo rediyo sai na koma tura karatu da waƙoƙi a memori, ina haɗawa da sayar da caja da iyafis da hedifon. Karatu ban yi nisa ba. Boko a aji biyu na sakandare na ajiye, allo kuma ban sauke ba, ni da nake ɗan malami. Ƙannena biyu sun yi, suna birni, su ake kira idan za a yi shawara. Ni sai fanka ta ƙi juyawa ake tuna ina da rai.

Abu ɗaya na yarda na iya, shi ne kunne. Mutum yana tsayawa gaban teburina na san abin da zai saya. Ɗan kabu-kabu so yake ganga ta buga masa har cikin haƙori. Tela na kunne ɗaya yake so, don ya ji mai kawo ɗinki. Malamai kuma mai kaifi, wanda harufa ke fita ɗaya-ɗaya. A zuciyata duk raina su nake yi. Gani nake babu mai neman sauti yadda Allah ya yi shi, kowa ƙaryar da ta yi masa daɗi yake nema.

Malam, mahaifina, a Shagari ya zauna har ya rasu. Kullum bayan la'asar magidanta ke taruwa a zaurenmu yana ba su karatun littafi. Bayan rasuwarsa Inna ta ci gaba da zama a gidan, sai da wata damina ta kayar da rabin ɗakinta na ɗauko ta na kawo gidana a Bodinga. Tana zuwa na lura sai an ɗaga murya take amsawa. Muka je asibiti, likita ya ce kunnen hagu ya tafi, na dama kuma yana bin sawu, magani ba ya mayar da shi. Muna hawa mota ta juyo gare ni.

"Kai wanga," ta ce. Ba ta faɗin sunana, ni ne ɗan fari. "Da dai in ƙara jin karatun Malam sau guda kahin shi ruhe."

Na ce, "Inna, ina zan samo miki shi?"

Ta ce ita ma faɗi kawai ta yi.

Bayan wata biyu ko uku sai ga wani tsohon tela daga Horo Birni, cikin masu ɗaukar karatu a wurin Malam. Ya ciro kaset daga aljihu, naɗe a leda. Ya ce yana gyaran akwati ya gan shi. Shi ya ɗauka da rakodarsa wata rana, ya ajiye ta gaban Malam a kan buzu. Zaren ya tsinke wuri biyu, na liƙe shi, na share kan wata tsohuwar rakoda, na juye karatun a kwamfuta. Ranar ko abincin rana ban ci ba.

Na ce wannan karon zan yi abu yadda ya kamata, ba zan sa wa Inna irin tarkacen da nake sayarwa ba. Ina da aboki a birnin Sakkwato mai situdiyo, inda ake ɗaukar tallace-tallace. Na hau mota na same shi, na gaya masa buƙatata.

"Mutanen Bodinga!" ya ce. "Yau an gane kayanku ganguna na ba hedifon ba?"

"Ba ni aro ka bar surutu."

Ya ɗauko wani baƙi mai nauyi, ya riƙe shi da hannu biyu kamar jariri. "Wanga ba ya ƙari, ba ya ragi. Abin da anka ɗauka shi za ka ji. In mutum na da kaushi, za ka ji kaushi. Kar ka aje min shi kusa da manja."

A rumfa na fara gwada shi, bayan kasuwa ta lafa. Ina dannawa Malam ya yi gyaran murya a cikin kunnena. Wallahi ban san lokacin da na gyara zama ba. Komai na nan. Ɗan fito da iska ke yi ta wushiryarsa, yadda yake datse ƙarshen kalma, da ɗan tsakin nan da yake ja kafin ya gyara wa mutum kuskure. Wannan tsakin na fi sani a duniya, don ni aka fi ja wa shi. Ga furfura a gemuna, amma sai na ji kamar ina gurfane gaban buzunsa. Na ce lallai wannan shi ne Malam, babu ragi.

Washegari da hantsi na sami Inna a kan tabarma tana tsince wake. Na ce ta ajiye, na zo mata da abu. Ta zame ɗankwali daga kunnuwa, na ɗora mata hedifon ɗin, na ƙara murya. Na tsuguna ina kallon fuskarta, ina jiran hawaye. Har na shirya abin da zan gaya wa ƙannena a waya.

Ta saurara kamar minti biyu. Sai ta yamutsa fuska.

"Wa na wanga?"

"Malam ne, Inna."

"Wanga mai hwaɗa?" Ta cire shi da kanta ta miƙo mini. "Karatun dai nashi na. Amma ba shi ba na. Malam bai da tsini ga murya."

Raina ya ɓaci, kuma ni idan raina ya ɓaci bakina ba ya da linzami. Na ce, "Inna, wannan abin ba ya ƙarya. Haka muryarsa take. Ni na zauna gabansa, ni na sha tsakinsa da bulalarsa. Ke ce kika manta."

Ta dube ni, ba da fushi ba. "Shekara arba'in ina jin shi kullum la'asar. Ban mance ba." Ta jawo faifan wakenta. "Allah shi yi ma albarka, ka yi ƙoƙari."

Wannan "ka yi ƙoƙari" ta fi zagi ciwo. Ita aka yi ta gaya mini tun ina yaro. Na mayar da hedifon cikin jakarsa, na tafi rumfa. Kwana goma ba ta ƙara tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. A cikin kwanakin ne na kira ta sau uku daga bakin ƙofa ba ta juyo ba, sai da na zagayo ta gabanta. Kunnen ba ya jiran mu gama fushi.

Ana nan aka yi haihuwa a gidanmu na Shagari, inda Baffa, ƙanen Malam, yake zaune yanzu. Na je barka. Zauren na nan yadda yake, na ƙasa, bango mai kauri, sai dai an jingine buhunan gero inda masu karatu ke zama. Baffa ya ji labarin kaset ɗin, ya ce in sa masa ya ji ɗan'uwansa. Na haɗa wayata da wata 'yar sifika da nake yawo da ita, na ajiye a daidai inda buzun Malam yake zama. Baffa ya sunkuyar da kai. Ni kuwa ba na son jin tsakin nan kuma, sai na ce bari in shiga ciki in yi alwala, la'asar ta kusa.

Randar gidan tana nan inda take tun da, bayan bangon zaure, kusa da wurin da turmin Inna yake zama. Na ɗebi ruwa a buta na tsuguna. Ina wanke hannu sai na ji karatun yana fitowa ta cikin bango.

Na tsaya da ruwa a tafin hannu. Bangon ya shanye fiton, ya shanye tsakin, ya shanye duk wani kaifi. Abin da ya rage murya ce mai kauri, mai taushi, tana hawa tana sauka a hankali kamar mai lallashin wani. Sai ka kasa kunne sosai kake rarrabe kalmomin. Ban taɓa jin wannan mutumin ba. Ina yaro, idan karatu ya fara, ko dai ina gabansa a tsorace ko na gudu bakin gulbi.

A nan na gane wautata. Mace ba ta shiga zaure ana karatu, haka gidanmu yake. A cikin gida kuma Malam ba mai magana ba ne, kalma biyu ce ƙasa-ƙasa ya wuce. Doguwar muryarsa, wadda Inna take nema, ba ta taɓa jin ta ba sai daga nan inda nake tsugune, da bangon ƙasa a tsakaninsu. Ni na je birni na aro mata kunnen mai zama gaban buzu, wato kunnena.

Matar Baffa ta leƙo daga madafi. "Lahiya? Alwala kake ko wanka?"

Na ce lafiya lau.

Ɗauko Inna zuwa Shagari kullum ba zai yiwu ba, kuma ko na kawo ta, kunnenta ba zai iya jiyo sifika ta bayan bango ba. Dole abin ya zauna a kan kunnen. Da safe ina buɗe rumfa na jawo kwalin da ke ƙarƙashin tebur, inda nake jefa kayan da aka dawo mini da su. Na zauna ina gwada su ɗaya bayan ɗaya da karatun Malam. Wannan ya cika ƙara, wancan kunne ɗaya ke yi, wani kuma kamar ana soya ƙosai a ciki. Maƙwabcina mai sayar da takalma ya ce ko na fara taɓuwa ne. Na ce ya kula da silifas ɗinsa.

Can ƙasan kwalin na samo wani ja, babba, sosonsa ya zube. Na tuna wanda ya dawo da shi, wani ɗan kabu-kabu, ya ce kamar mutum yana magana a cikin randa, bugu kawai yake ji. Lokacin har da zagi muka rabu. Na ɗora shi a kunne. Ya kusa, amma da sauran kaifi kaɗan. Na je wurin wani tela a nan kasuwa na roƙi ƙyallen atamfa, na ninka biyu na naɗe bakin kowane kunne a maimakon soson, na ɗaure da zare. Na sake sawa. Sai ga ni tsugune bakin randa.

Ban jira tashin kasuwa ba. Na iske Inna ta idar da la'asar tana zaune da carbi.

"Ka ƙara kawo mai hwaɗan?" ta ce.

"Wani ne. Gwada wannan, in bai yi ba na haƙura."

Ta dubi ƙyallen atamfar ta yi dariya. "Wanga ko 'yar tsana?"

Na ɗora mata. Carbin ya tsaya a hannunta. Ta ɗan karkatar da kai gefen dama, kamar yadda mai aiki ke yi idan tana sauraren abu daga nesa.

"Ga shi nan," ta ce a hankali. "Sannu, Malam."

Na juya ina gyara igiyar da ba ta lalace ba.

Can ta kama hannuna, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryar kansa ta ce, "Kai wanga, ka ji dakan ga? Ni ta!"

Ta ɗaga mini kunne ɗaya na hedifon ɗin, na kara nawa. Gaskiyarta. A ƙarƙashin karatun akwai wani dum, dum, dum. A hedifon ɗin abokina ma yana nan, amma can nesa, na ɗauka lalacewar zare ce. Wannan jan da ba ya fitar da komai sai bugu shi ya ɗago shi sama. Taɓaryarta ce, ta ratsa bango ta shiga rakodar tsohon telan nan.

"Saurara," ta ce. "Yanzu zan aje. In yak kusa addu'a aje taɓarya nikai, in amsa."

Muka saurara, kaina jingine da nata. Dakan ya tsaya. Numfashi biyu, Malam ya fara addu'ar rufe karatu. Inna ta ɗaga hannu tana amin, ni ma na ɗaga.

Da na mayar wa abokina kayansa na ba shi labari. Ya ce, "To ai wanga ba sauti na ba, laka ce kal liƙa mata ga kunne." Na ce eh, laka ce, irin ta bangon Shagari. Ya ce ba a gyara mutanen Bodinga. Ban yi musu ba, hedifon ɗinsa ma ba ƙarya ya yi ba. Wanda na ji a ciki ubana ne, na shaida shi. Sai dai yanzu idan mutum ya zo rumfa ya ce yana son mai bugu ko mai kaifi, ba na yi masa kallon banza. Miƙa masa nake ya gwada, in tambaye shi me zai ji da shi.

Kunnen Inna na dama ya kusa rufewa yanzu. Magana sai da hannu muke yi. Amma kullum bayan la'asar tana miƙa hannu a ba ta jan hedifon ɗinta, na canza masa ƙyalle sau biyu. Na tambaye ta ko tana jin karatun. Ta ce kalmomin sun tafi, dakan ne take ji yana taɓa mata ƙashin kunne. Ina zaune gefe nakan gan ta tana gyaɗa kai a hankali, tana bin bugun. Idan ta daina gyaɗawa ta ɗaga hannu, na san Malam ya kai addu'a, sai in ajiye abin da nake yi in amsa tare da ita.