Idon Nesa da Na Sayo a Kano

Har yau in na ji ƙamshin gyaɗar da aka gasa a toka, ɗakin Iya nake tunawa. Iya kakata ce, mahaifiyar babana. A Kibiya take zaune, mu kuma muna Rano, sai hutun makaranta na lokacin sanyi ake ɗora mu a babur, ni da ƙannena mata biyu, a kai mu wurinta. Ɗakin nata ɗan mitsitsi ne na ƙasa. Gado ya cinye rabinsa, jeren kwanukanta masu zanen furanni kuma ya rufe bangon da ke bayan gadon. In an idar da sallar isha'i sai ta jawo kaskon wuta tsakiya, ta tura gyaɗa cikin toka, mu kewaye ta gwiwoyinmu na gogar juna.

Iya tana da nata salon buɗe tatsuniya. Sai ta kalli ƙofa kamar wadda ta ji sallama, ta ce, "Ga wata baƙuwa nan tafe, wa zai ba ta tabarma?" Mu haɗa baki mu ce, "Ta shigo ta zauna!" Ni ne jikanta namiji na fari, don haka "maigida" take ce mini, irin tsokanar da kakanni ke yi. In na yi nisa da kaskon sai ta ce, "Maigida, matso mana. Miji yana can bakin ƙofa kamar wanda ya zo karɓar saƙo?"

Tatsuniyoyinta da yawa sun zube mini, amma akwai ɗaya da ta ƙi barina. Wai wani saurayi ne yake zaune da mahaifiyarsa, su biyu kaɗai. Ran nan ya je kasuwa ya tarar da wata tsohuwa a gindin tsamiya ta baza idanu a faifai tana sayarwa. Iri biyu ne, akwai idon nesa, akwai idon kusa, kuma mutum ba ya ɗaukar duka biyun. Tsohuwar ta ce masa, "Yaro, na nesa zai sa gari ya san ka. Na kusa kuwa babu wanda zai yaba maka, sai dai ka riƙa ganin na gida." Bai ko tsaya tunani ba ya ce a ba shi na nesa.

Nan da nan ya yi suna. Ya hau dutse ya hango hadari tun saura kwana uku ya iso. Ya hango wa Fulani shanunsu da suka ɓata, ya hango fatake tun ba su ƙetare rafi ba. Amma in ya dawo gida mahaifiyarsa ta ajiye masa tuwo, sai ya kai hannu ya dumbuza ƙasa. A nan Iya kan kwaikwaye shi, ta rufe ido tana laluben toka, mu yi ta dariya har ƙanwata ta ƙware. Daga nan sai muryarta ta yi ƙasa. Ta ce uwar ta kwanta ciwo tana ta ramewa a gabansa, shi bai gani ba. In ya ce, "Inna, lafiya?" ta ce, "Lafiya lau," sai ya yarda ya fita. Wata rana yana kan dutse ya hango mutane can bayan gari ɗauke da makara, tar kamar a tafin hannunsa. Ya duba zanen da aka lulluɓa, ya gane na mahaifiyarsa ne. "Ranar ya sake ganinta," in ji Iya, "da ta yi masa nisa." Sai ta karkaɗe hannu ta ce baƙuwa ta naɗe tabarmarta ta tafi.

Ni da bakina ba ya shiru na ce, "Iya, ni dai duk da haka na nesan zan saya." Ta ɓare gyaɗa ta sa mini a hannu, ta ce, "Na sani ai, maigida. Kai da idonka kullum yana kan hanyar Kano."

Da na gama sakandare sai son ɗaukar hoto ya kama ni. Wani mai hoto a Rano ya sayar mini da tsohuwar kyamararsa da araha, saboda gilashin da ake ɗaura mata a baki ya faɗi ya fashe. Kyamara ba gilashi kuwa makauniya ce. Na yi wata biyar ina ɗauke da ita a jaka ina shafawa, ina taya mutane aikin gona ina tara abin sayen gilashin.

A cikin watannin ne na je gaida Iya. Ta tsufa sosai, ƙugunta ya hana ta fita ko tsakar gida. Abin da ya kamata a sani shi ne, Iya ba ta da hoto ko ɗaya a duniya. Jikoki sun sha ɗaga mata waya, sai ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Kada wanda ya saka ni cikin abin da kuke cusawa a aljihu kuna shiga banɗaki da shi." Ranar na nuna mata kyamarata, na ce wannan ba waya ba ce, gilashi kawai ya rage in saya. Ta jujjuya ta, ta leƙa ramin da ke gabanta, ta ce, "Au, ido ne babu." Na ce in na ɗauke ta, a takarda za a fitar, zan kai Kano a wanke.

"A wanke?" Ta riƙe haɓa. "Maigida, wanke ni za ka yi tun ban mutu ba?"

Muka yi dariya har ta yi tari. Da tarin ya lafa sai ta ce, "To na yarda. Je ka sayo mata idon, ka zo ka ɗauke ni. Guda ɗaya tak, a rataye a ɗakin babanka. 'Ya'yanka su san fuskar matarka ta fari." Wallahi har na iso Rano bakina bai rufu ba. Abin da ta hana kowa, ni ta ba.

Shagon da na je a Kano na wani dattijo ne mai sayar da kayan hoto na hannu. Na gaya masa ni sabon shiga ne, na faɗa masa abin da ke aljihuna. Ya ɗauko gilasai biyu ya ajiye a kan tebur, ya ce guda ɗaya kuɗina zai saya. Na farko ɗan guntu ne, bai kai kofin shayi ba, mai lamba hamsin. Na biyu dogo ne baƙi, in ka murza shi sai ya ƙara tsawo.

"Ɗana," in ji shi, "in shawarata za ka bi, ɗauki ƙaramin. Ba ya jawo abu, kai za ka taka da ƙafarka ka matsa. Amma yana shan haske, ko a ɗaki mai duhu zai fitar maka da fuskar mutum. Dogon nan na fili ne da rana. In abu ya matso kusa da shi, ba ya gani."

Na ce, "Alhaji, bari in gwada." Na ɗaura dogon na leƙa titi, sai ga lambar wata mota can ƙarshen layi ina karantawa ɗaya bayan ɗaya. Kai! Na hango kaina a filin ƙwallon Rano da wannan abu a wuya, samari na nuna ni. Ƙaramin kuwa wa zai gan ni da shi ya ce mai hoto ne? Dattijon ya sake cewa, "Me za ka fi ɗauka, mutane ko tsuntsaye?" Na ce duka. Ya yi murmushi ya naɗe mini dogon a jarida. Ko sau ɗaya tatsuniyar Iya ba ta faɗo mini a rai ba, kuma wannan ne abin da har yau nake jin kunyarsa.

Washegari da la'asar na isa Kibiya. Gwaggo Hajara, ƙanwar babana da ke jinyar Iya, ta taimaka mata ta zauna a bakin gado. Ta ɗaura ɗankwalinta na Sallah, ta sa kwalli, har da tambayar ko goro ya ɓata mata haƙora. Na ɗaga kyamara. Gilashin ya yi ta kai da komo yana ƙugi, ya ƙi tsayawa. Na ja da baya har bayana ya bugi bango, fuskarta dai ba ta fito ba. Na hau kan buhun gero, na durƙusa, na karkace, gumi ya jiƙa mini riga. Na danna sau ɗaya don kada a ce ban yi komai ba, na duba, na yi sauri na kashe.

Gwaggo ta ce ko a ɗauke ta a fitar da ita waje. Muka gwada ɗaga ta, ta yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakinta ba, muka mayar da ita. Da numfashinta ya dawo sai ta dube ni ta ce, "Maigida, wane idon ka sayo?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Dogo ne, Iya. Zan koma in canzo."

"To," ta ce, tana kwance ɗankwalin. "Ina nan ai. Ina za ni?"

Da na koma Kano a satin nan, da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma aka fara gasar ƙwallo ta unguwanni a Rano, dogon gilashina ya yi aikinsa. Ina tsaye a bayan raga ina ɗauko fuskar ɗan wasa daga tsakiyar fili, kowa na kiran sunana. Na ce bari a gama zagayen farko. Aka gama, na ce bari a yi na kusa da na ƙarshe. In na kira Gwaggo ta kara wa Iya waya a kunne, na ce, "Iya, ya jiki?" sai ta ce, "Lafiya lau, maigida." Ni kuma in yarda.

Sai bayan mako huɗu na je Kano. Dattijon ya karɓi dogon ya miƙo mini ƙaramin. Ina cikin motar dawowa, mun wuce Bunkure, babana ya kira ya ce in zarce Kibiya. Na shiga gidan da gilashin a aljihun rigata, na tarar da mata cike da tsakar gida. Gwaggo Hajara ta fito daga ɗakin hannayenta a jiƙe, ta gan ni, ta ce, "Sai haƙuri. Yanzun nan muka gama wanke ta."

Shekara tara ke nan. Da ƙaramin gilashin nan na koyi sana'a, da shi nake ci da iyalina. Duk yaron da ya zo mini da kyamararsa ta farko yana tambayar wanne zai saya da ɗan abin da yake da shi, nakan tambaye shi wa yake da shi a gida da bai ɗauka ba tukuna. Wasu su gane, wasu su yi dariya su sayi dogon. Ba na jin haushinsu. Ni da aka ba ni labarin tun ina ɗan shekara takwas, da gyaɗa a hannuna, me na yi da shi? Da ina yaro na ɗauka laifin saurayin nan a wajen zaɓe yake. Yanzu na san zaɓen ana iya gyara shi, dattijon ma bai ƙi karɓa ba. Abin da ba ya gyaruwa shi ne kwanakin da mutum ya yi a kan dutse ana yabonsa.

Hoton nan guda da na danna, sai bara na iya kai shi aka wanke. Yana rataye a ɗakin babana kamar yadda ta ce. Kwanukan da ke bayanta sun fito tar, har furannin jikinsu za ka iya ƙirgawa. A gabansu akwai wani abu dishi-dishi mai launin ɗankwalin Sallah. Rannan 'yata, wadda aka sa wa sunan Iya, ta tsaya a gabansa ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Baba, kwanukan waye?" Na ce na Iya ne. Ta ce, "To ita tana ina?" Na ɗora yatsana a kan dishi-dishin na ce, "Ga ta nan. Kusa ta yi mini da yawa."