Yadda Muka Kai wa Malam Ilu Fuskar 'Yarsa

Jibiya, ranar Laraba

Abin da na fara gani da muka isa Jibiya hannuwan wani mutum ne, shuɗaye har gwiwar hannu. Ya miƙo su don ya karɓi akwatin hoton Kawu Sule daga bayan mota, sai ya dube su, ya janye, ya goga a jikin rigarsa, ya sake miƙowa. Ba abin da ya canja. Shi ne Malam Ilu marini, wanda ya aika aka kira mu.

Malama ta ce kowace yarinya ta rubuta inda ta je a hutu. Ni ban taɓa wuce ganuwar Katsina ba sai wannan karon. Kawuna mai ɗaukar hoto ne, malaman ofis da 'yan doka yake ɗauka a shagonsa. Kowa a kujera ɗaya yake zama, da agogon tebur wanda ba ya aiki a gefensa, a bayansa kuma wani ƙaton ƙyalle mai zanen gidan bene. Inna ta ce ko raƙumi aka kawo wa Kawu, sai ya zaunar da shi gaban benen nan. Aikina a shagon ɗebo ruwa da wanke faranti. An zo da ni ne don in gyara wa amarya zaman mayafi, tunda namiji ba zai taɓa ta ba.

Mun bar gida bayan sallar asuba a motar gyaɗa. Direba ya karɓi kuɗin Kawu, ya karɓi nawa, sannan ya tsaya yana duban akwatin.

"Wannan fa?"

"Kaya ne," in ji Kawu.

"Yana da ƙafa, yana da ido. Kawo sisi."

Gilasan da hoto ke kamawa a jikinsu guda uku Kawu ya zo da su, a naɗe cikin bargo. A wani kwazazzabo mota ta yi tsalle, wata mai daddawa ta faɗo a kan bargon. Ta ce sannu. Ɗaya ya fashe, saura biyu. Muka sauka da hantsi.

Bayan la'asar, muna shan fura a zaurensa, Malam Ilu ya faɗi abin da yake so. Mutumin Gidan Barmo ne, wani ƙauye a ƙetaren iyaka, inda Faransa ke mulki. Shekarar da aka zo ɗibar maza aikin dole ya gudo, sai aka tafi da ƙaninsa a madadinsa, ƙanin bai dawo ba. Ya bar 'yarsa Kulu tana rarrafe. Uwarta ta rasu, yayarsa Hajo ce ta rene ta, kuma tun daga lokacin Hajo ba ta karɓar saƙonsa. Shi ma in ya taka can za a kama shi. Jibi za a ɗaura wa Kulu aure. Uban ango abokin cinikinsa ne, shi zai sauke mu.

"Fuskar kawai nake so," in ji shi. "Ko ƙafafun ba su fito ba, ba komai."

"Ni hotona da ƙafafu yake fita," in ji Kawu.

Kan iyaka, ranar Alhamis

Malam Ilu ya ba mu aron jaki. Ya raka mu muka tsallake gulbi, wanda ba ruwa a cikinsa sai yashi, ya tsaya a gindin wata gawo ya ce iyakarsa ke nan. Na waiga sau biyu, yana nan.

Na zaci zan ga katanga a iyaka. Tarin duwatsu ne da ƙarfe a tsakiya, wata akuya tana sosa jikinta da shi. Karan geron wannan gefen da na wancan duk ɗaya ne. Gaba kaɗan akwai rumfar duwan, masu karɓar kuɗin fiton kaya. Wani gardi mai jar hula ya taso, takalminsa a rataye a wuya don kada ya yi ƙura. Bai kula da akwatin ba, ƙyallen da ke naɗe ya taɓa da sanda.

"Wanga yadi ne. Sai an biya."

"Ba yadi ba ne, ranka ya daɗe. Gida ne."

Aka warware. Gardi ya daɗe yana kallon benen, ya bi matakalar da yatsa har sama.

"Gidan wa?"

"Ba na kowa ba."

"To, yadi ne."

Kuɗin da ya faɗa sun fi abin da Malam Ilu zai biya mu. Ya ce a bar shi nan, mu karɓa in mun dawo. Kawu ya yi ta roƙo har rana ta take, ya ce shi bai taɓa ɗaukar mutum ba bene ba, bai ma san inda zai tsayar da shi ba. Gardi ya ce ya tsayar da shi a ƙasa.

Mun isa Gidan Barmo gab da magariba. An ba mu tuwon gero da miyar kuka. Ni na kwana ɗakin kakar ango, wadda ta tambaye ni ko gaskiya ne a makarantar boko ana koya wa yara mata cin abinci da hannun hagu. Na girgiza kai. Ta ce ashe ma bebiya ce.

Gidan Barmo, ranar Juma'a

An ɗaura aure da hantsi. Uban ango ya ce sai an ɗauki ɗansa tukuna, kuma ba yadda za a ce masa a'a, tuwonsa muka ci. Kawu ya zagaya gidan sau uku yana neman bango mai kyau, a ƙarshe ya sa abokan ango biyu suka riƙe bargonmu a bayansa. Gilashi ya rage ɗaya.

Daga nan muka tafi zauren gidan amarya. Kawu ya aika a fito da ita. Amsa ta dawo cewa amarya ba ta fita zaure, namiji kuma ba ya shiga, in akwatin yana son ganinta ya shigo da ƙafarsa.

Kawu ya zauna a dakali. Ya dubi akwatin, ya dube ni, ya sake duban akwatin.

"Mairo, kin sha ganin ina yi."

Na ce na gani.

"Gani daban, yi daban."

Ya tashi ya kafa akwatin. Ya nuna mini sau uku. A shiga cikin baƙin ƙyalle, a murɗa har fuska ta fito sarai, a rufe idon akwatin, a zura gidan gilashi, a zare marfinsa, a buɗe ido, a ƙirga uku, a rufe, a mai da marfi. Ya ce in wani ya motsa ko haske ya shiga, shi ke nan, Malam Ilu ya yi asarar kuɗin jaki.

Mata sun cika tsakar gida. Da na shiga da akwatin a kaina sai aka daina daka. A makaranta ko sunana aka kira sai Malama ta ce in ɗaga murya, ga shi nan mata sun fi na ajinmu yawa, kowace tana kallona. Kulu tana zaune a tabarma a ƙofar wani ɗaki, an lulluɓe ta har ƙasa, tafin ƙafarta kawai ake gani da lalle. Kusa da ita wata doguwar tsohuwa tana tsaye. Kunnuwanta irin na Malam Ilu ne, ba sai an gaya mini Hajo ce ba.

"Ke 'yar boko. Wa ya aiko ki?"

Uban ango ya ce in an tambaya mu ce shi ne. Na buɗe baki in faɗi haka, sai na ji na ce, "Baban amarya."

"Ba ta da uba."

Na dubi ƙasa. Akwai wata tururuwa tana jan ƙwayar gero, na bi ta da ido har ta shige ƙarƙashin turmi. Ta bayan danga muryar Kawu ta taso: "Mairo, kin juya wa rana baya?" Wasu 'yan mata suka yi dariya, aka harare su.

"Mi ya ce miki?" in ji Gwaggo Hajo.

"Ya ce fuskar kawai yake so. Ko ƙafafun ba su fito ba."

"Ƙafafu ai shi ke da su."

Wata tsohuwa ta ce ba a buɗe kan amarya sai a ɗakin mijinta, haka aka gada. Gwaggo Hajo ba ta ko dube ta ba. Ta sunkuya, ta kama mayafin ta yaye shi baya da kanta.

"Ɗaga kai, Kulu. Shi ga abin da ya gudu ya bari."

Na shiga cikin baƙin ƙyalle. A ciki komai a juye yake, kai a ƙasa, ƙafa a sama, kuma ba wanda ke ganina. Na murɗa. Fuskar Kulu ta fito, doguwa, da ɗan tabo a gira. Amma rabinta inuwar ɗaki ta rufe. Kujera babu, bene babu, a bayanta sai ƙofar ɗaki da tulu da igiyar shanya.

"A matsar da tabarmar nan gaba," na ce. Ban san muryata tana kai haka ba. Aka matsar. "Mai jan zane, ki fita daga baya. A kama akuyar can. Gwaggo, ko ki matsa ko ki tsaya, amma kada ki motsa."

"Ji mini ɗiya," in ji wata. "Ashe a cikin buhu bakinta yake."

Gwaggo Hajo ba ta matsa ba. Ta dafa kafaɗar Kulu, ta miƙe sosai, ta zuba wa idon akwatin ido kamar shi ya yi mata laifi. Na yi duk abin da Kawu ya ce. Na ƙirga uku. Na rufe.

Ina naɗe ƙyalle Kulu ta jawo bakin zanena. An riga an mai da mata mayafi, ta cikinsa ta yi magana.

"Yaya yake?"

Na ce hannuwansa shuɗaye ne.

"Fuskar fa?"

Kafin in amsa aka fara guɗa, aka ɗaga ta.

Komawa, ranar Asabar

Mun taso da sanyin safiya. Gidan gilashin a bayana na goya shi, na ɗaure da zane. A rumfar duwan mun tarar gardi ya kafa benen Kawu a bayan kujerarsa, ya sa takalmi, yana zaune a gabansa yana sauraron ƙarar wasu masu jakuna. Ya ce a ɗauke shi hoto yanzu. Kawu ya ce gilashi ya ƙare. Gardi ya ce ba gaggawa, gidan zai jira har a samo. Ya nuna bayana ya ce mi na goya. Na ce amarya ce, kuma in an buɗe ta a rana za ta ɓace. Sai ya ce mu wuce, shi ba ya shiga irin wannan.

Malam Ilu yana gindin gawon nan. Ya karɓi igiyar jaki, muka koma Jibiya.

A ɗakin da Malam Ilu yake ajiye baban rini Kawu ya toshe ƙofa da bargo, ya wanke gilashin, ni ina miƙa faranti. Da ya bushe ya ɗora shi a kan takarda ya shanya a rana. Ya daɗe yana duban abin da ya fito.

"Ƙafafun sun yanke," ya ce. "Ga tulu. Ga igiya ta ratsa kan tsohuwa. Wannan kuma wutsiyar akuya ce." Ya matsar da takardar kusa da idonsa. "Fuskar dai ta fito."

Malam Ilu ya goge hannu, ya karɓa da gefe-gefe. Muka jira. Na ƙirga kaji huɗu sun wuce.

"Hajo ta tsufa," ya ce. Can kuma ya sa yatsa kusa da takardar, bai taɓa ba. "Ɗakina ne wannan. Ni na sa ƙyauren nan. Ashe ba su rushe shi ba."

A kan Kulu bai ce komai ba. Ya tashi da hoton ya shiga cikin gida, bai fito ba har aka kira magariba. Da ya fito ya biya Kawu, ya ba ni turmin zane wanda ya rina da kansa, ya tambaye ni tabon girarta na mene ne. Na ce ban tambaya ba. Ya ce ba komai.

Katsina, ranar Lahadi

Motar da ta kawo mu ita ta mai da mu, direba ya sake karɓar sisin akwati. Mun shigo gari bayan la'asar lafiya, mun gode wa Allah, mun gode wa Malam Ilu da mutanen Gidan Barmo da suka sauke mu. Inna ta tambayi Kawu ina benensa, ya ce yana aikin gwamnati.

Muna isa shago muka tarar da wani ɗan doka yana jira tun safe. Kawu ya dubi bangon da ba ƙyalle, ya dubi kujera, sannan ya ce wa mutumin ya fito waje ya tsaya jikin kekensa. Ɗan dokan ya ce ina benen da aka ɗauki abokinsa. Kawu ya ce an daina yayinsa.

Da mutumin ya tafi, Kawu ya ce in sabbin gilasai sun zo daga Kano zai koma ya ɗauki gardi, ya karɓo kayansa. Ina wanke faranti, na juya masa baya don maganar ta fi sauƙin fita.

"Kawu, in za ka koma ka tafi da ni. Ka ba ni gilashi ɗaya in ɗauki Malam Ilu. Kulu ta tambaye ni fuskar babanta, ban ba ta amsa ba."