Batir a Tokar Inna

Shekarar da na yi haihuwar fari muna haya a Badariya, lokacin Birnin Kebbi tana ƙarƙashin Sakkwato. Surukata, wadda muke kira Inna, ta taso daga Argungu don ta yi mini wankan jego, da damin karan gero a saman mota kamar a garinmu ba a noma. Ita ba ta miya da kanwa. Karan gonarta take ƙonawa, ta tace tokar, ta zuba ruwan a miyar kuka, kuma da wannan miyar take alfahari.

Maigidana kuwa mutum ne mai son rediyo da ƙin sayen batir. Idan batir ya mutu sai ya binne shi a toka mai ɗumi, wai yana farfaɗowa. Ranar da Inna ta ƙona karanta a bayan ɗaki, ya lallaɓa ya cusa nasa a ciki, ya tafi masallaci ya manta. Ta taga na ji suna fashewa.

Hankalina ya tashi. A makaranta an koya mana cewa wuta tana cinye kara amma ba ta cinye dalma da sauran ƙarafa masu guba irin na cikin batir, a toka suke zama. Ga ni ina shayarwa, abin da na ci shi jaririna zai sha. To amma da wane baki zan ce wa suruka tokarta ta ɓaci, kuma ɗanta ne ya ɓata? Na wuni ina tari duk lokacin da ta nufi tokar. Ta haɗa mini maganin mura.

Da ta zo tacewa sai hannunta ya fito da wani baƙin abu a narke. Ta kira ɗanta, ya tsuguna.

"Mi na wanga?"

"Batir na, Inna. Ai wuta ta ƙone shi, babu komi."

"Awo? To lasa."

Ya dubi tokar, ya ce azumin nafila yake yi. Alhali da idona na ga ya karya kumallo da fura da safe.

Inna ta kwashe tokar duka ta kai bola, ta aika shi kasuwa sayo kanwar da ta raina, ta kulle rediyon a akwatinta.

"Ɗiyata," ta ce da ni, "da shi ɗai za ya ci, sai in dahwa mai. Amma jikana bai shan rediyo."